Buhun bagaruwar Gwaggo

Jiya a bayan garin Belbeji na tarar da Gwaggo, yayar babana, durƙushe a gindin bagaruwa tana tsintar ƴaƴan tana zubawa a buhu.

Na ce, "Gwaggo, wa zai saya?"

Ta ce, "Babu kowa, ɗana. Hannu ne ya saba."

Wai lokacin tana budurwa, masu jima daga Damagaram har nan suke zuwa. Su kwashi fatun awakinmu, su haɗa da bagaruwa, don da ita ake jeme fata. Daga baya kayan su dawo mana kasuwa, jan takalmi da jakunkuna, sai ƙamshi. Yanzu ɗanyar fata ake lodawa a mota a yi kudu da ita.

Raina ya ɓaci, na hau faɗa, ina tsine wa waɗanda suka bar sana'ar kakanninmu ta lalace. Ta bari na gama, sannan ta dubi ƙafata.

"To wannan na ƙafarka, fatar wace akuya ce?"

Takalmin roba ne. Na ɗauko mata buhun har gida.

Ƴan'uwa, kowa ya dubi ƙafarsa ya gaya mini: akwai mai sanye da aikin Damagaram?