Baba Toka Ya Sauka Daga Kujerar Launi

Kafin kowa ya iso shagon buga hotuna, Baba Toka ya riga ya ja labule ya toshe hasken taga. Zai kunna kwamfuta ya bar allon ya ɗumama, shi kuma ya zauna yana murza gwiwa. Sannan ya rataya 'yar na'urar auna launi a fuskar allon, launuka su yi ta wucewa. Aikinsa ke nan tun gashinsa na baƙi: ya sa abin da ido ya gani a allo ya zama shi inji zai fitar a takarda. A baki da sauƙi. Allo da nasa ja, inji da nasa, takarda mai sheƙi da marar sheƙi kowace da yadda take shan tawada, kuma kowace sai ya ajiye mata nata saiti a cikin kwamfuta.

Rigarsa ce ta ja masa sunan. Kullum ruwan toka, wai riga mai launi tana haska allo ta ruɗi ido. Ranar da mai yankan takarda ya shigo da jar riga, Baba ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Motar kashe gobara a waje ake ajiye ta."

Aiki ne na cin rai. Ya gama saiti, ma'aikata su ƙure hasken allo don kallon ƙwallo, gobe ya sake daga farko. Masu hoto su zo da waya suna cewa a nan sun fi haske. Sai ya ce, "Wayarki kara take yi miki, Hajiya. Takarda ba ta da kara." Idan hoto ya yi kyau, a yabi wanda ya ɗauka. Idan fuska ta fito kore, a nemi Baba.

Bana idonsa ya fara ba shi matsala bai sani ba. Wata mata ta kawo hoton mahaifiyarta da ta rasu, shi kaɗai take da shi, tana so a ƙara girmansa. Baba ya gyara ya buga. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, Inna ba haka take ba. Ta yi shuɗi-shuɗi kamar mai jin sanyi."

Mai shago ya yi wuf ya ce, "Tsohon hoto ne, haka za ki karɓa."

Baba ya kai takardar kusa da fuskarsa. Shi daidai yake gani. Ya sake auna allon, lafiya lau. Inji ma lafiya lau. Ashe yanar ido ce ta fara rufe masa gani, komai rawaya-rawaya yake ganinsa, shi ya sa yake ta ƙara shuɗi da hannunsa.

Ya jawo kujera ya ce, "Zauna nan, 'yata, ki ara min idonki."

Yana rage shuɗin tana cewa saura, yana ragewa tana cewa saura. Can ta riƙe masa hannun riga. "Tsaya nan, Baba. Ita ce."

Da ta tafi da hotonta, ya ce wa mai shago ya nemi wani, shi ya gama.

"Haba Baba, ka zauna kafin a yi maka aikin idon. Wa zai gane?"

"Mai uwar ta gane."

Kai ne, Baba, mai tsare wa mutane fuskar iyayensu. Kai ne ba ka taɓa ɗora wa tawada laifin da ba nata ba, ranar da laifin ya zo kanka ma ba ka kauce ba. Bangon gidaje cike yake da aikinka, babu inda aka rubuta sunanka.

Mun gode. Masu aiki da ido da masu aiki da hannu, ku duba mutumin nan. Ranar da idonka ko hannunka ya fara yi maka gardama, ka faɗa da bakinka, kada ka lallaɓa ka miƙa wa mutane a haka.

Allah Ya ba ka lafiya, Baba Toka. Je ka huta. Mu da muke kallonka ma mun gaji, ballantana kai.