Ramin Gaban Aduwa

Sana'ata yin tubali ce. Da rani, idan ruwan baraji, wato madatsar ruwan garinmu, ya janye ƙasa ta tsattsage, can nake zuwa da amalanken jaki in haƙi laka, domin duk kewayen Agadez ban san laka mai danƙo irin tata ba. Mu da yawa ne, kowa da raminsa. Nawa yana gaban wata aduwa, taku goma sha biyu daga gindinta idan ka fuskanci gabas. Na san adadin ne saboda ni mutum ne mai ƙirga abu. Nakan dawo daga hanya in duba ko na kulle ƙofa, nakan sake alwala idan na yi kokwanto. A ranin shekarar da nake faɗa laka ta yi kyau, na yi ta bin ta ƙasa har ramin ya kusa tsayin mutum biyu, sai da tsani nake fitowa. Da hadari ya fara haɗuwa na kafa sanda a bakinsa, na ɗaura jan tsumma, na ce wannan ya isa alama.

Ƙanena direban kamyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Dirkou. Ni na goye shi yana ƙarami, amma bai ɗauko halina ba ko kaɗan. A shekarar ya yi aure. Ranar wata Lahadi, bayan ƙorama ta kawo ruwa karo na biyu, gari ya fita kallon ruwa kamar yadda aka saba, shi ma ya aro mota ya ce zai kai amaryarsa da mahaifinta, wani dattijo maƙerin azurfa, kuma dole in bi su.

"Yaya, ka shirya, ko sai ka gaisa da kwaɗon ƙofar karo na uku?" in ji shi.

Ruwa ya yanke hanyar da nake bi da jakina, don haka muka zagaya ta arewa, muka sauka a gefen da ban taɓa tsayawa ba. Wurin ya cika. Mata sun shimfiɗa tabarmi, samari suna wanke babura, ana gasa nama, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ko'ina. Muka hura gawayi muka ɗora shayi, amarya ta fito da cuku da dabinon da mijinta ya kawo daga tafiya.

Ni kuwa tun saukarmu bakina bai huta ba. Na ce a janye tabarma daga bakin ruwa. Na ce a duba ƙarƙashin duwatsu saboda kunama. Na ce a juya gawayin kada iska ta kai wuta ga mayafi. Kowace magana sai an yi dariya.

"Ku bar shi," dattijon ya ce, "kowane gida yana bukatar matsoraci guda, shi ke sa sauran su yi barci."

Na ce, "Akwai ramuka a cikin ruwan nan."

Ƙanena ya ce, "Yaya, ni fa na ga teku da idona a Libiya. Wannan ai fitsarin raƙumi ne. Dubi mutane, ko gwiwarsu bai kai ba."

Gaskiya ne, mutane suna ta yawo a ciki, ruwan iyakarsa ƙwauri. Na duba ban ga sandata ba, ban ga jan tsumma ba. Itatuwa uku ne tsaye a cikin ruwan, duk sun yi ganye sun yi kama da juna, kuma ta bayansu nake ganinsu. Sai na ce wa kaina wataƙila wurin aikina yana can nesa. Na yi shiru, domin na gaji da dariya.

Bayan shayi na biyu ƙanena ya ce amarya ta ɗauke shi hoto a cikin ruwa. Yana sanye da sabuwar babbar riga ta shadda da rawani. Da mu kaɗai ne da ya tuɓe, amma ba ya yiwuwa ya tsaya da singileti a gaban surukinsa. Sai ya naɗe wando kawai, ya tattara rigar a kafaɗa, ya shiga. Ya wuce itacen tsakiya ya juyo yana fuskantarmu. Amarya tana bakin ruwa da waya a hannu.

"Matsa baya kaɗan, itacen ya rufe ka," ta ce.

A lokacin dattijon yana yi mini bayanin katangarsa da ruwa ya ci, yana tambaya ko laka da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, ta fi. Ina sauraronsa idona ya kai kan wani reshe na itacen tsakiya. Na ga guntun shuɗiyar igiya, wadda nake rataye bidon ɗin ruwana da ita.

Abin da na yi daga nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ban yi ihu ba. Na fara neman gabas, rana kuwa tana tsaka, ba ta nuna mini komai ba. Na ce kada in katse dattijo yana magana. Na ce idan na yi kururuwa ya zama ba nan ba ne, za a yi ta ba da labarina har Sallah. Na ce bari in tabbata tukuna. Sai na shiga ƙirga takun ƙanena daga gindin aduwar a zuci. Na kai tara, ashe takunsa ya fi nawa faɗi.

Bai yi ƙara ba. Yana murmushi, sai babu shi. Ya ɓullo sau ɗaya, rigar ta kumbura ta rufe masa fuska, hannunsa yana neman hanyar fita daga cikinta, sannan ta jiƙe ta ja shi. Rawanin ya warware a kan ruwa.

Duk taron nan ba wanda ya iya iyo. A ina za mu koya? Maza suka kwance rawunansu suka ƙulla suka jefa, ba wanda ya kama. Ni na ruga na shiga, ruwa ya kai mini ƙugu, ƙafata ta taɓa gefen da na sare da hannuna, mai santsi, a miƙe kamar bango. Nan na tsaya. Wannan ma dole in faɗe shi.

Sai bayan la'asar ƴan pompiye masu kashe gobara suka iso da igiya da doguwar gora. Suka fara lalube can gefe. Na ce musu ba nan ba, su dawo gaban aduwar, kuma gorarsu ba za ta taɓa ƙasa ba sai sun ƙara mata tsawo, kuma akwai wani lungu ta kudu inda aka bi laka ta ƙarƙashi.

Babbansu ya dube ni. "Kai ta ina ka san duk wannan?"

Na ce, "Ni na haƙa shi."

A lungun suka same shi.

Inna ta ce kwanansa ne ya ƙare, liman ma haka ya ce, kuma na yi imani da haka. Amma ba ta san na ga shuɗiyar igiyar nan ba, sai da na faɗa mata bayan sadakar bakwai. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce in tashi in ci abinci. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma sake tsokanata a kan ƙofa ba. Ranar da matar ƙanena ta fita takaba za ta koma gidansu, ta durƙusa a zaure ta ce, "Yaya, ni na ce ya matsa baya." Na ce mata ba ita ba ce. Amma zancen igiyar ban faɗa mata ba.

Da ruwa ya janye na koma da jakina. Na sami sandata can nesa a cikin ƙaya, tsumman ya koɗe. Na yi ta ɗebo yashi da duwatsu daga ƙorama ina zubawa, har ramin ya cika ya yi tudu, na bi shi da ƙafa na daddale. Ina cikin wannan aiki abokan sana'ata suna haƙa nasu dama da hagu, domin mutane suna jiran tubali su gyara abin da damina ta rushe. Ban ga laifinsu ba. Ni ma sai da na koma haƙa, nesa da baraji, inda lakar ba ta kai waccan ba.

Yanzu duk Lahadin damina ina zuwa bakin ruwan. Da rani nakan zagaya in ƙirga takun kowane rami daga itacen da ke kusa da shi, in rubuta a ɗan littafi. Idan na ga mutum ya nufi wajen, tun daga nesa nake ɗaga murya, ko da ban tabbata ba. Wasu suna fitowa. Wasu suna dariya, su ce ga tsohon nan na baraji ya fara.