Man Gyaɗa a Keken Inna Zulai

Yayata Rahamatu ta shekara ashirin da biyu tana ɗinki a cikin gida a Gwandu, kuma ban taɓa ganin ta kai kekenta wurin mai gyara ba. Ita ke kwance shi, ita ke ɗaure shi. Tana da taurin kai, wannan kam gadon gidanmu ne, amma hannunta na da kyau. Rigunan suna, kayan 'yan makaranta, zannuwan gado na amare daga Masama har Kambaza, da yawa daga ƙarƙashin allurarta suka fito.

Keken na ƙafa ne, baƙi, tsoho. Inna Zulai ta Kalgo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta koya mata ɗinki, ita kuma ta ba ta shi ranar da za a kai ta ɗaki. Doka ɗaya ta haɗa mata da shi: kada ta kuskura ta ɗiga masa man girki, sai man keke.

Da Inna ta dawo daga aikin hajji ta kawo wa Yaya farin yadi wanda ta wanke da ruwan zamzam, ta ce likkafaninta ne ita Inna, Rahamatu za ta ɗinka, a kan wannan keken. Yaya ta karɓa ta sa a ƙasan akwati. Shekara huɗu ina yi mata magana, tana cewa ba za ta iya ɗinka wa mai rai likkafani ba.

Wata Talata da hantsi ina gidanta, Haruna ɗan Inna ya kira. Inna ta cika. Za a yi jana'iza da an sallame Azahar. Ya ce a taho da likkafanin, don shi a saninsa an daɗe da ɗinkawa.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ciro yadin, ta yanka, ta zauna ta taka keke. Ya yi ɗinki kamar taƙi ɗaya, ya yi wani gurnani, ya tsaya cak. Ta juya tayar keken da hannu, ta ƙi motsi. Ta ɗaga yadin, sai ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu.

Na sunkuya, wari ya bugi hancina, irin na tsohon ƙuli-ƙuli.

"Yaya, mi kinka sa ma keken ga?"

Ta ce, "Man gyaɗa na. Tun da azumi nawa yaƙ ƙare, ɗinkin salla ya yi min yawa. Na ce sau guda ba ya komi."

Ba sau guda ba ne, ni na sani. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na buɗe baki zan faɗa mata abin da ke cikina, sai na fasa. Man gyaɗa idan ya kwana biyu a cikin ƙarfe daskarewa yake kamar ƙaro, ya haɗu da ƙurar yadi ya riƙe komai.

Na ce mu kai wa telan bakin kasuwa, minti goma ya gama. Ta ce Inna ba ta ce telan bakin kasuwa ba. Ta tura ni in ɗauko kananzir da gashin kaza.

Ta naɗe yadin ta sa shi can bisa gado, nesa da mai. Ta zare allura, ta kwance farantin da ke ƙarƙashinta, ta fito da ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa. Abin da ke tsakanin haƙoran keken baƙi ne ƙirin, mai danƙo. Da tsinke ta riƙa sakato shi. Ta tsoma gashin kaza a kananzir tana bin kowane rami, tana jijjiga tayar gaba da baya. Tayar ko gezau ba ta yi ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya Haruna ya sake kira. Ni na ɗauka. Ya ce an gama haƙa kabari, mata na jiran likkafani su yi wa Inna wanka, in da matsala a faɗa masa ya aika kasuwa a yanko wani yadin. Na ce muna hanya. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Daga Gwandu zuwa Kalgo tafiyar fiye da awa ce, ga mijin Yaya, Sahabi, a ƙofar gida ya tayar da mota yana ta leƙowa.

Sai tayar ta ɗan motsa. Yaya ta ƙara kananzir, ta taka a hankali, baƙin ruwa ya riƙa ɗiga a kan tsumma. Na ruga maƙwabta na samo man keke na gaskiya. Ta ɗiga, ta mayar da komai, na ce to sa yadin. Ta ƙi. Ta ɗauko farin ƙyalle ta bi shi da ɗinki, layin ya fito da baƙin tabo. Ta sake wani. Sai a na biyar ya fito fari tas, ni kuwa kamar in yi ihu.

Ta yi bismilla ta ɗinka. A nan ne hawayen suka zo, tana kawar da fuska don kada su ɗiga a yadin.

Mun shiga Kalgo ana kiran salla. Matan suka karɓe likkafanin daga hannunta tun a tsakar gida. Da aka fita da Inna, Mubaraka matar Haruna ta jawo Yaya gefe, ta miƙa mata wata 'yar kwalba a ƙulle cikin leda.

"Inna ta ce in ba ki. Ran da taz zo gidanki bayan salla ta ji warin man gyaɗa ga keken. Ta ce kar a yi miki faɗa, ke dai a ba ki wanga."

Man keke ne, sabo, ba a ko fasa bakinsa ba. Yaya ta zauna a ƙasa a wurin, riƙe da kwalbar da hannu biyu, hannun da har lokacin ke warin kananzir.