Yadda Shatu Mai Ƙuli-ƙuli Ta Shiga Aji Uku

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Dogon Kiriya ya san Shatu mai ƙuli-ƙuli. In bai san fuskarta ba, to ya san muryarta. Ni katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha tara, don haka na san duka biyun. Mace ce gajera mai kaurin hannu, ta haura hamsin da biyar. Tun mijinta yana raye take soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli, kuma da wannan sana'a ta aurar da 'ya'ya huɗu. Ba ta da mugun nufi ga kowa, haƙuri ne kawai Allah bai ba ta da yawa ba.

A gida ɗaya take da ɗanta na uku, Mahmuda, mai shagon sayar da waya da caja a bakin tasha, da matarsa Basira, da 'yarsu Afra'u mai shekara takwas. Yarinyar ta yi aji ɗaya da aji biyu ba wanda ya taɓa jin kanta. Da aka koma lakwal, wato makarantar boko, bayan girbi, ta shiga aji uku, sai ciwon ciki ya same ta.

Ciwon yana da lokacinsa. Da ta ji ana buga ƙarfen lakwal da safe sai ta duƙe a bakin ɗaki, ta riƙe ciki, gumi ya karyo mata, wata rana har da amai. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta warke, tana tsakar gida tana taya uwarta tsince wake. Asabar da Lahadi kuwa ko tari ba ta yi.

"Ni ban taɓa ganin ciwon da ya san ranakun mako ba sai wanga," in ji Shatu, tana juya gyaɗa a kasko, mu kuma muna jin ta bayan katanga. "Ke, tashi ki ɗauki jakarki! Ni za ki yi wa dabara?"

Yarinya ba ta tashi ba. Mahmuda ya ɗora ta a babur ya kai ta har ƙofar aji, kafin ya buɗe shagonsa ta riga ta dawo gida da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tsinka mata bulala biyu, washegari ta shige ƙarƙashin gado. Aka kai ta wurin likita, ya danna ciki, ya duba ido, ya ce bai ga kome ba, amma ya ba da maganin tsutsa. Ta sha. Ranar Litinin ta sake duƙewa.

Ana cikin haka yayar Shatu, Talatu, ta zo daga wajen Lugu gaisuwa. Ta kalli yarinyar rabin yini ta ce ba ciwon likita ba ne, doguwa ce ta tare mata hanya, wataƙila a gindin tsamiyar da ke bayan lakwal. A ba ta ita kwana bakwai, ta san inda za ta kai ta. Mahmuda ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Iya, ki yi haƙuri, amma 'yata ba za ta je inda ake shirka ba. Malaminmu zai zo ya yi mata ruƙiyya."

"Da ka yi ƙyanda kana yaro, malamin naku ne ya tashe ka?"

Suka kwashe har la'asar suna wannan. Shatu ta fito daga madafa da muciya a hannu ta ce su duka biyun su rufe mata baki, gyaɗarta ta ƙone saboda surutunsu. Talatu ta koma garinsu da fushi. Malam ya zo ya yi karatu kwana uku. Yarinyar ta zauna tsit ta saurara, ta shafa addu'a, ran na huɗu aka buga ƙarfe ta riƙe ciki.

Wata guda ya wuce. Malamin ajinsu, Mushe Sadiƙu (Mushe muke ce wa malamin boko), ya aiko sau biyu. Shatu ta shigo gidana wata rana ta zauna kan turmi ta ce, "Ni na gaji. Uban ya ce duka, yayata ta ce iska, likita ya ce tsutsa. Uwar kuwa ba ta da aiki sai kuka. In ta ƙi boko ta ƙi, ni ma ban yi ba, ga ni ina cin tuwona."

Faɗa kawai ta yi. Shatu ba ta iya barin abin da ya gagare ta.

Abin da ta fara lura da shi ba a kan lakwal ba ne. Ta ga in Basira ta shiga wanka, yarinyar tana tsaye a bakin zana har ta fito. In ta tafi famfo ɗibar ruwa, tana biye da ita. In ta ɗan kishingiɗa da rana, sai Afra'u ta zo ta tsaya a kanta tana kallon ko tana numfashi. Rannan Shatu ta kira ta ɓarar gyaɗa, suka zauna su biyu a inuwar rumbu. Ba ta dube ta ba, idonta na kan ƙwarya, ta ce:

"Mushe na dukanki?"

"A'a."

"Yara na tsokanarki?"

"A'a."

"To mi ne ne a lakwal ɗin da ke cizo?"

Yarinyar ta ci gaba da ɓara har suka kusa cika ƙwarya. Sannan ta ce, "Ba kome a can, Kaka. In na tafi ne, in na dawo Umma ba ta nan."

Hannun Shatu ya tsaya. A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce, Basira tana da ciki wata bakwai, jini ya ɓalle mata da hantsi. Aka sa ta a mota zuwa asibitin Dogon Dutsi, Mahmuda da Shatu suka bi ta. Ba wanda ya tuna da yarinyar da ke aji. Ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe, ba kowa, ga tabarma jiƙe da jini a tsakar gida. Ni na same ta zaune a zaure na jawo ta gidana. Basira ta yi kwana ashirin a can, ɗan bai zo da rai ba. Da Shatu ta dawo kwana biyu bayan tafiyarsu, yarinyar ta tambaye ta, ita kuma ta ce mata Umma ta tafi biki ne.

"Na san ba biki ba ne," in ji Afra'u. "Na ga tabarmar. Kuma ba ta dawo da jinjiri ba, ba wanda ya ce kome."

Shatu ta gaya mini daga baya cewa ba ta taɓa jin haushin kanta irin na ranar ba. "Manya uku cikin gida, har da ke ta huɗu, mun bar yarinya da wanga abu wata biyar! Muna ta neman doguwa a gindin tsamiya!"

Da yamma ta tara ɗanta da surukarta, ta sa Basira ta gaya wa yarinyar abin da ya faru da bakinta, da cewa yanzu ta warke. Aka yi kuka. Shatu ta ɗauka magana ta ƙare. Da safe aka buga ƙarfe, Afra'u ta duƙe.

"Yau kuma mi? Ba an gaya miki ba?"

An gaya mata, amma cikin bai ji ba. Shatu ta yafa gyale ta nufi lakwal, ta sami Mushe Sadiƙu yana rubutu a allo gaban yara saba'in. Ta zayyana masa kome a bakin ƙofa. Mutumin ya saurara, ya ce kada a jira sai tsoron ya fita kafin a kawo ta, don kowace rana da ta yi a gida ƙara mata nauyin dawowa take. A kawo ta ko na awa ɗaya ne, ya zaunar da ita kusa da ƙofa, lokacin shan iska ta ruga ta ga uwarta ta dawo. Amma sai wani da ta yarda da shi ya zauna inda za ta riƙa ganinsa.

"Wa ke nan?" in ji Shatu.

Mushe ya dube ta.

Haka Shatu ta shiga aji uku. Kwana biyun farko yarinyar ba ta yarda ta saki gefen zaninta ba, dole ta matsa kan benci ɗaya da yara uku, gwiwoyinta na gugar tebur. Yara suka yi ta ƙyaƙyata. Mushe ya ce a maimaita wata kalmar Faransanci, aji ya ɗauka, ita kuma ta ce da ƙarfi, "Wannan kuma mi ya ce?" Ran na uku ta koma bakin ƙofa. Mako na biyu ta koma gindin dalbejiya da farantin ƙulinta, inda Afra'u ke hango ta ta taga. A can ma sai da ta yi cacar baki da mai ƙosai, wadda ta ce ta tsare mata wuri.

Ba a tafi kai tsaye ba. Akwai ranar da yarinyar ta yi awa uku, washegari ta kasa wuce ƙofar gida. Akwai ranar da Basira ta kwana da mura, aka koma kamar ba a fara ba. Shatu ta yi rantsuwa ta fi sau goma cewa daga yau ta daina, man da ba ta matse ba ma ya ishe ta. Kowace safiya kuma sai mu ji ta: "Ke, ɗauko jakar mu tafi, kada in tsufa a tsaye." Bulalar Mahmuda kuwa ita ta karya ta sa a murhu, ta ce in yana son taimako ya bar wa matarsa tsohuwar waya, ya ba Mushe lambar. Aka yi wa yarinyar alkawari, in wani abu ya sami uwarta, za a zo aji a gaya mata gaskiya.

Sai bayan wata huɗu Shatu ta daina zama gindin dalbejiya. Yanzu Afra'u tana aji biyar. Karatunta tsaka-tsaki ne, ta fi ƙarfi a lissafi. Har yau in an dawo daga dogon hutu sai an raka ta kwana biyu ko uku, kuma ba ta yarda da kowa sai kakarta. Bara wata mata daga unguwar gabas ta zo da ɗanta mai irin wannan hali, ta ce an ce Shatu ta san maganinsa. Shatu ta ce ita ba boka ba ce ba likita ba, kuma tana da aiki. Sannan ta tura wa matar kujera, ta miƙa wa yaron ƙwaryar gyaɗa, ta ce ya zauna ya taya ta ɓara.