Turmin Gwaggo a Bariki

Taɓaren maƙwabta ne suka fara yin shiru. A unguwarmu ta Dakoro daka ba ta yankewa da hantsi. In wannan gida ya ajiye taɓarya, wancan ya ɗauka. Ran nan sai na ji suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daga bakin hanya suna matsowa wajenmu, har ya rage daga tawa sai ta gwaggona, muryata kuma tana sama ita kaɗai, ba mai amsa mini ta bayan darni. Na waiwaya, sai ga jar hular gardi, dogarin Nasara, a ƙofar gida.

"Ina 'yar lakwal ɗin nan mai karatun boko? Kumandan na kira."

Babana yana zaune gindin bishiyar bedi yana tufkar igiya. Bai tambayi laifina ba. Ya miƙe ya ce wa gardin, "Ranka shi daɗe, ga ta nan," ya nuna ni da haɓa kamar akuyar da aka zo karɓa, sannan ya tuna yana da wata buƙata a gona. Gwaggo, yayarsa, wadda ta rene ni tun rasuwar uwata, ta kakkaɓe dusar hannunta a zane ta bi bayana.

Waƙar da nake yi ba wata abar ɓoyo ba ce. Tun ban kai tsawon taɓarya ba nake jin ta:

Mai jar hula ya zo da tiya,
ya auna gero, ya auna wake,
cikinsa rumbu, ba ya cika.

An yi ta ne tun zamanin da ake tilasta wa mutane zuba hatsi a rumbunan Nasara, a kan wani gardi da ya daɗe a kabari. Kowace mace tana ƙara mata abin da ya dame ta, miji ko suruka ko tsadar gishiri.

Da aka tura ni kolej a Yamai, ita na tafi da ita, don ba ni da wani abin tafiya da shi. Can an hana mu Hausa. Ana jera mu muna rera waƙoƙin Faransanci a kan ƙanƙara mai zuba daga sama da koguna da ban taɓa gani ba, madam mai koya mana tana kaɗa ɗan yatsa, idonta a lumshe, wai daɗi ya kashe ta. Ni kuwa sai ranar wanki nake numfashi. In duƙa bakin famfo, in riƙa buga rigar makaranta a kan siminti daidai bugun taɓarya, bakina a rufe, waƙar tana tafiya cikin ƙirjina. In na kai wurin amshi sai in ji kamar gwaggo ta karɓa. Da haka na haɗiye kewa da zagin 'yan birni masu ce mini 'yar daji, da haka na ci jarrabawa. Hutu na zo, na ce bari in buɗe baki in yi ta da ƙarfi a gidan ubana.

A bariki, ƙofar ofishin kumandan, an bar mu tsaye cikin rana har inuwata ta shige ƙarƙashina. Sannan kumandan ya fito baranda, sabon zuwa ne, wuyansa ja kamar an yanka zakara. A gefensa tafinta, da kwat a cikin wannan zafi, yana murmushin wanda ya kamo ɓarawo. Shi ya kai ƙara. Mutumin Ɗan Gulbi ne, nan cikin ƙasarmu, da wannan waƙar aka daka furar da ya sha ya girma. Amma lokacin ana ta raɗe-raɗin 'yan jam'iyya, sabon Nasara yana tsoron inuwarsa, tafinta kuma yana son a san yana aiki. Sai ya ce 'yar kolej ta kwaso waƙar tawaye daga Yamai tana koya wa mata.

Kumandan bai dube ni ba. Ya yi wa tafinta magana da Faransanci, kamar ba su ne suka kwashe shekaru suna cusa mini shi da bulala ba. Ya ce in faɗi wanda ya rubuta waƙar, wanda ya ba ni ita. In na ƙi, zan kwana kaso, wato kurkuku, a buga waya Yamai a kore ni. Na san abin da ake cewa a garinmu game da macen da ta kwana kaso, ko da dare ɗaya ne.

"Wa ya rubuta ta?" in ji tafinta. "Ke nake tambaya, malama mai boko."

Gwaggo ta ce, "Rubuta mi? Kai ɗan nan, in ka yi atishawa wa ke rubuta maka?"

"Tsohuwa, ki iya bakinki, nan ba bakin rijiya ba ne."

"Na gani. Bakin rijiya akwai masu kunya."

Wannan bai fassara ba. Kumandan ya ce to in rera, ya ji da kunnensa. Na gwada. Abin da ya fito daga maƙogwarona ko ɗan tsako ya fi shi. Tafinta ya ce da Faransanci, "Ka gani, ranka ya daɗe, tana ɓoyewa." Gwaggo ba ta jin yarensu, amma ta karanci fuskarsa.

"Hwaɗa mashi wagga waƙa ba ta hita a tsaye hannu sake. Sai da turmi. Ku da kuka san komi, ba ku san wannan ba?"

Abin ya ba Nasara dariya, ya ce a kawo. Gardin da ya taho da ni, da jar hularsa da bindigarsa, shi aka aika ya ɗauko turmin gwaggo a ka, da geron da muka bari a ciki, da taɓarenmu biyu, ya ratsa kasuwa da shi. Mata suka biyo shi daga nesa, suka tsaya bayan shingen waya suna leƙe, waɗannan dai da suka ajiye taɓare ɗazu suka bar ni daga ni sai gwaggo.

Gwaggo ta danƙa mini taɓarya. "Daka, ɗiyata. Kar ki dubi kowa, dubi gero."

Na daka. Ta karɓa, na mayar, ta karɓa. Ban san lokacin da muryar ta fito ba, daga kafaɗa ta taso, ba daga baki ba. Gwaggo ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, ta shiga jero baitoci da ban taɓa ji ba, da sunayen rijiyoyin da suka ƙafe tun ba a haife ni ba. Daga bayan waya wata tsohuwa ta amsa, sai wata, sai dukansu. Na saci kallon gardi, leɓensa na motsi. Shi ma uwa ta haife shi.

Kumandan ya ciro agogo ya duba. Ya juya ya ce wa tafinta, a kunnena, "A kan wannan ka hana ni cin abinci? Tsofaffi suna surfe?" Bai tambayi ma'anar ko kalma ɗaya ba. Ya ce abin yana da kyau, yana da ban sha'awa, a kawo matan ranar bikin Nasara su yi wa baƙi. Yarinyar kuma, in ji shi, a bar ta ta tafi. Ya shige ciki yana kiran kuku.

Shi ke nan shari'ar. Ba gaskiyata ce ta fisshe ni ba, yunwar cikinsa ce. Har yau in na ji an ajiye taɓarya ba zato, sai in waiwaya ƙofar gida, waƙar kuma ban sake yin ta da ƙarfi ba. Abin da ya riƙe ni shekaru a ƙasar mutane, an mai da shi abin tafa wa baƙi bayan sun ƙoshi.

Tafinta bai fassara hukuncin nan take ba. Ya gyara kwat, ya yi mini wa'azi a kan tarbiyya, ya ce albarkacinsa na ci. Na riga na ji daga bakin Nasara, amma ina nan tsaye rungume da taɓarya. Ana kiran azahar gwaggo ta kama wuyan hannuna.

"An gama. Ba mai taɓa ki. Mu tai gida."

Ta sunkuya za ta kwashe geron, tafinta ya ce a juye shi a kwanon bariki, tunda a nan aka daka.

Gwaggo ta dube shi daga hula har takalmi, ta juye masa har da dusar.

"Ungo," in ji ta. "Allah shi sa ka cika."