Tsoho a Ƙofar Gidan Wanka

Lalla Zuhur tana zaune tana gadin kayan matan da suka shiga gidan wanka na unguwarsu a birnin Fas, idonta yana kan wani tsoho da aka bar wa jikoki biyu, yarinya da ƙaninta, a dakali. An rataya tawul a ƙofa, alamar lokacin mata ne, don haka ba shi da halin leƙawa ya kira uwarsu.

Dogo ne mai farin gashin baki, jallabiyarsa ta sha guga. Zuhur tana ganinsa ta ce a ranta, wannan ya tsufa yana ba da umarni, bai taɓa share wa ɗansa majina ba.

Yana ɓoye ƙwallon dabino a tafinsa. "To, canki, wane hannu?"

"Na gani, Kaka! Ba ka iya ba," in ji yarinyar.

Ya naɗe hankicinsa ya yi siffar ɓera da shi, sai ƙaramin ya tsorata ya ɓarke da kuka.

"Kai, ƙyalle ne fa! Wannan wace irin jaraba ce?" Ya juyo wajen Zuhur yana huci. "Baiwar Allah, wanka suke yi a ciki ko sauya fata?"

"Uwarsu ko sabulu ba ta shafa ba tukuna, Alhaji."

Tsohon ya waiga hagu da dama, ya durƙusa cikin ƙura da jallabiyar tasa, yaran suka haye bayansa. Kuka ya tsaya cak.

Yarinyar ta ja kunnensa. "Kaka, ai jaki kuka yake yi."

Ya runtse ido, ya yi.