Na Je Argungu Gaida Wanda Na Ce Ya Rasu

Laifina ne, kuma ba ni da abokin tarayya a cikinsa. Ranar Laraba ina shagon ɗinkina a Gwadangaji na ji rediyo na ta maimaita tsofaffin wasannin Baba Na-Fadama, ɗan wasan kwaikwayon nan da muka tashi muna jin muryarsa a shirin manoma. A sanina, ba a yi wa ma'aikacin rediyo haka sai in ya rasu. Ban tambayi kowa ba, na ɗora hotonsa a Fesbuk tare da ta'aziyya. Ashe karrama shi ake yi. Kafin in goge, labari ya isa Argungu.

Shi ya sa ranar Asabar, muna idar da sallar asuba, muka kama hanya ni da wani abokina a kan babur ɗinsa. Mai ya yi tsada, amma ban ga fuskar yin ƙorafi ba.

A Ambursa muka tsaya shan koko. Fadama ta yi kore shar, injinan ban ruwa na ta kuka a cikin shinkafa. Ina cikin cin ƙosai wani dattijo a kan benci ya ce Allah ya jiƙan Na-Fadama, shi ya koya masa jiƙa iri kafin shuka. Na ce masa mutumin yana raye. Ya ce ƙarya ne, ɗansa ya gani a waya. Abokina ya yi dariya har ya ƙware.

Daga nan hanya ta miƙe, sai 'yan ramuka da motocin albasa da ke bar mana warinsu. Muna shiga Argungu na sayi bandar kifi, don kada in je hannu sake. Ba mu sha wahalar neman gidan ba, mace ta farko da muka tambaya ta nuna mana.

Muka same shi a zaure, ya rame, amma muryar tana nan yadda take. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne.

"Kai na kak kashe ni?" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Yaro, sau nawa nim mutu cikin wasa! Wagga ce dai ta fi kawo mutane. Har shinkafa anka kawo."

Ya ba mu labarin yadda ya fara da karanta gaishe-gaishe, ya koma wasan rediyo, daga baya talbijin. Ya ce ya daɗe yana karanta sanarwar rasuwa, kuma ba su taɓa karanta ta kowa ba sai ɗan'uwan mamaci ya zo da ƙafarsa. Sai ya daina dariya. Ya ce shi ya yafe, amma matarsa tana gidan biki a Gesse ta ji, ta faɗi, har yau ƙafarta ba ta takuwa sosai.

Na tsaya bakin labulen ɗakin matarsa na yi sallama.

"Inna, ni ne mai laifin."

"Na jiya. Ku ci tuwo tukun." Bayan mun ci ta ce, "Ɗana, gaban jama'a kay yi ɓarna. Can za ka gyara ta, ba bayan labule ba."

Da la'asar muka dawo Birnin Kebbi, cikina cike da tuwon shinkafa da miyar kifi, zuciyata kuma ta yi sauƙi. Na gane cewa saurin hannuna ya fi hankalina yawa, kuma son a ce ni na fara faɗa ne ya ja ni.

To jama'a, ga gyaran. Baba Na-Fadama yana raye, na gan shi da idona, har ƙari ya yi na tuwo. Ni na yi ƙaryar mutuwarsa, ba wani ya gaya mini ba. Inna, na kayar da ke a cikin mutane ba ki yi mini komai ba. Don Allah ki yafe mini.